Kawuna matuƙin jirgin soja ya rasu, an ce ni zan rubuta tarihinsa

'Yar Adar (Tawa)

Assalamu alaikum jama'a. Kawuna, yayan mahaifiyata, Allah ya yi masa rasuwa a garinmu da ke kwarin Badagishiri, kuma sadakar arba'in ta matso. Dangi sun ɗora mini rubuta tarihinsa a takarda guda, gaba da baya, da za a raba wa mutane ranar addu'a, wai don ni ce malamar lakkwal a gidan. Abin ya fi ƙarfina, shi ya sa na kawo shi nan.

'Ya'yansa da ke Yamai sun aiko mini da hotonsa cikin kaki, galo a kafaɗa, yana tsaye gindin jirgi. Suna so a jera muƙaman da ya riƙe da lambobin da aka ba shi, a ce ya bauta wa ƙasa, a rufe. Mutanen gari kuwa yawancinsu ba su taɓa ganinsa da kaki ba. Wanda suka sani tsoho ne mai malfa da takalmin roba, da ke fita garka tun kafin a sallame asuba, mai riƙe da makullin bankin cimaka, wanda in aka ce taro ƙarfe huɗu, ƙarfe huɗu da minti biyar ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Suna ce masa Mai Jirgi, amma albasa suke nufi in suna maganarsa.

Ga abin da na sani. Ya shiga soja 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai, lokacin rundunar jiragenmu, wadda aka kafa a 1961, ba ta wuce ƙaramar eskadiri ba. An tura shi Faransa ya koyo tuƙi, ya dawo ya yi aiki a sansanin da ke jikin filin jirgin Yamai har ya ajiye, kafin faɗuwar darajar sefa ta 1994. Kowa ya ɗauka zai gina gidajen haya a Yamai kamar sauran abokansa. Sai ya tattara ya komo ƙauye. Matarsa, haifaffiyar Yamai, ta daɗe tana fushi da wannan shawara, kuma ni dai ban ga laifinta ba: daga gida mai famfo da lantarki zuwa jan guga.

Abu na farko da ya yi shi ne sayen fako a kan tudu, ƙasar da ko akuya ba ta tsayawa a kanta, har aka riƙa cewa iskar sama ta taɓa shi. Lokacin aikin tasa ya fara yaɗuwa a wajen Illela, bayan da wasu manoma suka je Yatenga a Burkina Faso a ƙarshen shekarun 1980 suka ga yadda ake yi. Ramuka ne ƙanana da ake haƙawa da rani, a tara ƙasar da aka fitar a gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki dunƙule ɗaya ko biyu, gara ta shigo ta huda ƙasar, in ruwa ya sauka a shuka hatsi a ciki. Kawu ya ja igiya ya auna tazarar kowane rami, yana faɗa da 'yan ƙwadago in layi ya karkace. Da kaka aka ga dammunan hatsi na saukowa daga inda ba a taɓa yanke ko zangarniya ba. Daga baya ya haƙa rijiya a kwari ya shiga albasa irin ta Galmi, ya yi rudu, wato rumbun albasa, yana ajiyewa har kuɗinta ya tashi.

Zancen jirgi kuwa ba ya yin sa. In yara sun dame shi sai ya ce su je su ɗebo ruwa. Shekara biyu kawai na taɓa jin ya ambata, 1974 da 1984. Ya ce daga sama yana gane rijiya ne da mushen dabbobin da suka kewaye ta, kuma abin da ya fi cin ransa shi ne lissafin man da jirgi ke sha don kai hatsin da gari guda zai cinye cikin 'yan kwanaki.

A akwatinsa mun tarar da littafin da yake rubuta kowace tafiya: rana, lambar jirgi, inda aka tashi, inda aka sauka, awa nawa. Shafuka cike da Agadas, Dirku, Bilma, Ingigimi. A ƙarƙashinsa kuma ga tarin kayen 'yan lakkwal, an ja musu layi iri ɗaya da na littafin, amma ruwan sama ne a ciki: kowace rana ta damina, milimita nawa ma'auninsa ya nuna, wace rana aka yi shuka, wace rana fara ko tsutsa ta bayyana.

To masu sani, musamman tsofaffin soji in akwai su a nan, wane irin aiki ne ake yi a waɗannan tafiye-tafiye? Ina so in fahimta kafin in rubuta. Sannan kawu mutum ne mai tsauri, ya ɓata da mutane da yawa, har cikin dangi. In saka wannan, ko in yi shiru? Takarda guda ce tak.

Tsohon Makanike (Yamai)

Wa alaikumus salam ɗiyata. Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya kyautata namu zuwan.

Kada ki faɗi sunansa a nan, amma a zamanin da kike magana mu kaɗan ne, duka eskadirin mun san juna har da sunayen matanmu, don haka da wuya ban taɓa duba injin jirginsa ba. Ni ba matuƙi ba ne, aikina gyara, kuma nakan bi jirgi tafiya.

Da farko jiragenmu tsofaffi ne da Faransa ta bari, Dakota mai inji biyu da Broussard ɗan ƙarami mai inji guda. Sai Noratlas da aka samo daga Jamus ta Yamma, mai jela biyu, bayansa na buɗewa a loda buhuna ko ƙaramar mota. Ƙararsa kaɗai, in kin yi awa uku a ciki sai kin wuni kunnenki na kuka. A 1979, da kuɗin uraniyom suka shigo, aka sayo Hercules guda biyu, masu inji huɗu, kowane na ɗaukar kusan tan 20. Akwai kuma ƙananan Dornier. Duba lambobin da ke littafinsa, in kika ga sun sauya wajen 1979 ko 1980, to ya koma Hercules ke nan. Ɗaya daga cikin biyun ya faɗi kusa da Yamai a 1997, Allah ya jiƙan waɗanda ke ciki.

Garuruwan da kika lissafa, babu yaƙi a cikinsu a yawancin shekarun nan. Aikinmu jigila ne. Sojan da ke Dirku ko Bilma, tsakaninsa da Agadas ɗaruruwan kilomita ne na rairayin Tenere, kamiyo na iya yin kwanaki. Mu ke kai musu albashi, cimaka, wasiƙu, magani, mu ɗauko wanda ya cika wa'adinsa. Ba soja kaɗai ba: mace mai doguwar naƙuda, yaron da kunama ko maciji ya sara, malamin lakkwal da aka tura Kawar, yankin su Dirku da Bilma, duk mun ɗauka. A fari na 1973 da 1974 kuwa sai buhun dawa da garin madara. Jiragen ƙasashen waje ma sun zo sun taimaka, don abin ya fi ƙarfinmu. Makiyayan da suka rasa dabbobinsu sun cika sansanin Lazare a gefen Yamai, wanda yau ya zama unguwa. Bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974, rabon cimaka ya koma hannun soji, aiki ya ninka. A 1984 aka sake yin fari, ga Najeriya ta rufe iyaka, shekarar da mutanenmu ke kira 'yar Buhari.

Ki lura da lokacin tashi a littafin, za ki ga yawanci da sassafe ne. In rana ta take, iska ta yi zafi, ba ta ɗaukar fiffike yadda ya kamata, inji ma ƙarfinsa na raguwa, ga fili gajere kuma na ƙasa. Nauyin da jirgi zai tashi da shi da asuba ba zai tashi da shi da azahar ba. Saboda haka kafin a rufe ƙofa sai matuƙi ya ga lissafin kilo da idonsa. Za ki ga wani babba ya zo da buhu biyu na gidansa yana cewa a saƙa a gefe, ai ba komai. Matuƙin kirki sai ya ce a sauke, ko da mai buhun ya fi shi galo. Wanda ya ji kunya a nan, mutane zai kashe. Kuma babu na'urar tauraron ɗan Adam a lokacin. Taswira ce a cinya, da kamfas, da agogo, da rediyo in ta kama. In hazo ya rufe, minti biyar da ka ƙi ƙirgawa na iya sa ka wuce Bilma ba ka gan ta ba, gabanka kuma babu komai.

To kin ga mutumin da ya yi shekaru a haka, kada ki yi mamaki don ya naɗe tabarma ƙarfe huɗu da minti biyar.

Shawarata, ki sa hoton kakin, 'ya'yansa na da gaskiya a nan. Amma jerin muƙamai ba ya gaya wa kowa komai. Ki rubuta inda ya je da abin da ya ɗauka. Kuma ki saka layi ɗaya don waɗanda suka yi aiki tare da shi, don matuƙi bai taɓa tashi shi kaɗai ba, sai dai shi ake ɗauka hoto.

Uwar Garka (Illela)

Ɗana ne ke rubuta mini. Ɗiyata, Allah shi ba ku haƙuri. Na gane mutumin, garinmu da naku rafi guda ya raba.

Ki rubuta tsaurin nashi, in ba haka ba mutanen gari za su karanta su ce wanga ba Mai Jirgi ba ne. Ni kaina mun yi da shi. Awakina sunka shiga inda anka dasa itace, ya kama su ya ɗaure, sai da na biya tara, ban yi mishi magana ba har kaka.

Amma ki tambayi matan garinku zancen 2005. Damina ta 2004 ta yanke da wuri, fara ta biyo baya, tiyar hatsi ta yi tsadar da ba mu taɓa gani ba. Garuruwa nawa munka sani da anka ba bankin cimaka, kafin shekara uku babu ko ƙwaya, don 'yan kwamiti sun ranta wa danginsu ba a biya ba? Naku bai mutu ba. Tun watan sanyi mutane ke matsa mishi a buɗe mangaza, ya ƙi, ya ce sai an fara noma, lokacin da mutum in bai ci ba ba ya iya ɗaga hauya. Anka zage shi, har ɗan uwanshi na jini ya yi fushi don ya hana shi bashin buhu. Da anka buɗe, tiya-tiya ya sa a sayar, ba buhu ba, don kada ɗan kasuwa ya aiko yaranshi su kwashe. Ya zauna bakin ƙofa da kayenshi yana rubuta gida-gida. Gidan da miji ya tafi bida ya bar mata da ɗiya, su ya fara kira.

Mu mata mun san aikin ƙasa kafin ya zo, kada a ce shi ya koya muna. Tun aikin Keita da anka fara a 1984 da kuɗin Italiya, mata ne sunka ɗauki duwatsu a ka ana biyansu da cimaka, maza suna Abijan da Legas. Abin da ya yi daban, ya riƙa biyan mace daidai da namiji a ramin tasa. Kuma tsohuwar motarshi ita ce motar likita ta garuruwa uku. Ko tsakar dare ka buga mishi ƙofa zai fito, zai yi ta faɗa har ku kai Tawa don me ba ku zo da wuri ba, amma ko dala ba ya karɓa ta mai.

Almajirin Malam (Ƙonni)

Allah ya gafarta masa. 'Yar uwa, zancen arba'in malamai sun saɓa a kansa, ba zan buɗe shi a nan ba. Abin da zan tuna miki, kafin takarda akwai bashi da wasiyya da gado. Mutumin da ya riƙe kuɗin jama'a shekaru, a kira 'yan kwamiti a buɗe littafin a gabansu, a miƙa makulli da shaidu, don a sauke masa nauyi. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya ce aikin ɗan Adam na yankewa da mutuwarsa sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. In magada sun yarda a bar rijiyar garkar a buɗe ga maƙwabta, ta fi masa hoton amfani. Tsaurinsa kuma, ki faɗe shi ta fuskar amana, kada ki kama sunan waɗanda suka ɓata da shi. Suna da rai, kuma za su zo addu'ar.

Ɗan Bida (Abijan)

Allah ya jiƙan tsoho. Anti, ki yi haƙuri da abin da zan ce, ba raini ba ne.

Duk lokacin da irin wannan mutum ya rasu, sai a ɗauki labarinsa a riƙa dukanmu da shi: ga wanda ya tuƙa jirgi ya dawo noma, ku kun gudu. Ina roƙonki kada takardarki ta zama haka. Kawunki yana da fansho da ke shigowa ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Shi ya sa ya iya biyan masu haƙa tasa, ya sayi injin ban ruwa, ya zuba albasa a rudu ya jira. Mahaifina ma albasar yake yi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da kowa ke cirewa, buhu ba ya da daraja, amma dole ya sayar a gona don mai bashin iri da mai da taki na tsaye a kansa. Buhun nan nake gani a kasuwa a nan Abijan bayan wata biyar da kuɗin da ya ninka. Ba wayo ne mahaifina bai da shi ba, abin jira ne bai da shi. Kuɗin da nake aikawa ne ke sa yanzu ya iya riƙe rabin amfaninsa.

In za ki yabe shi, ki yabe shi don ya zuba fanshonsa a ƙasar garinsu maimakon siminti a Yamai. Wannan kam ba kowa ke yi ba.

'Yar Adar (Tawa)

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Baba Makanike, na koma littafin da maganarka a kaina. Lambobin sun sauya a 1980 kamar yadda ka ce, kuma kusan kowace tafiya ta arewa kafin ƙarfe bakwai na safe aka tashi. Akwai wurare da yawa da ya rubuta EVASAN a gefe, na tambaya aka ce ɗauko mara lafiya ne. Na fara ƙirga su na bari, sun yi yawa. Wannan zan saka a madadin jerin galo, kuma na gaya wa yayyena na Yamai. Babban bai ji daɗi ba, ya ce mutane za su ɗauka babansu direban motar likita ne. Na ce masa ai a garin ma haka ya ƙare, ya je ya tambaya. Mun tsaya a kan hoto biyu, na kaki a gaba, na garka a baya, layin abokan aiki kuma yana ciki.

Inna, saƙonki ya sa mahaifiyata dariya da kuka lokaci guda, don ɗan uwan da aka hana buhun ƙaninsu ne, kuma har yau in an taɓo zancen sai ya tashi. Zan rubuta cewa kawu ba ya sassauci a kan abin jama'a, ba zan ƙara ba. Mai fahimta ya fahimta. Zancen biyan mata daidai da maza ban san shi ba sai daga bakinki, ya shiga.

Malam, an riga an kira kwamitin, ranar Alhamis za a buɗe littafi gaban maigari. Rijiya kuma magana ce ta magada, ni 'yar ƙanwa ce, ba ni da kaso, amma zan isar.

Ƙanena na Abijan, maganarka ce ta fi tsaya mini. Gaskiya ne, da fansho ya yi abin da ya yi, kuma shi kansa bai ɓoye ba. Na sha jin yana faɗa da masu zuwa daga birni suna wa manoma wa'azin ajiye albasa, yana tambayarsu wa zai ciyar da gidan kafin watan Agusta. Inda ban bi ka ba shi ne tasa. Wadda ya yi da kuɗi ta jawo ido, amma maƙwabtansa da suka kwaikwaya da hannunsu suka haƙa, su da 'ya'yansu, kaɗan-kaɗan kowane rani, kuma fakon da ake bayarwa kyauta a da yanzu sai da ciniki. Ba zan yi wa kowa gori a takardar ba, wannan na yi maka alkawari.

Abin da ya rage mini shi ne kayen ruwan sama. Littafin jirgi babban ɗansa zai ɗauka, na riga na ɗauki hoton kowane shafi da waya. Kayen kuwa babu wanda ya nema, alhali shekaru ne jere na ruwan gari guda, babu tsallake, har da ranakun shuka. Ma'aunin na nan kafe a tsakar gida. Akwai wani yaro ɗan aji shida a maƙwabta da kawu ke aika ya karanto masa lamba tun da idonsa ya raunana, na yi magana da mahaifinsa ya ci gaba, ni zan riƙa sayen kaye da biro. In akwai wanda ke aikin gona ko na hasashen yanayi a nan Tawa da waɗannan lambobi za su yi wa amfani, ya yi mini magana ta akwatin saƙo in kawo masa kwafi. Baba, kai ma zan turo maka shafukan 1984, akwai gajerun kalmomi biyu da ban gane ba.